Restituta da Cocin Katako na Basopi

Duk wanda ya taɓa barin garin Luba ya hau tudu don ya ga tsohon cocin katako na Basopi, to ya gamu da Restituta Sipoto, ko ya tambayi sunanta ko bai tambaya ba. Gajeruwar tsohuwa ce kakkaura, mai ɗaura kallabi har bisa gira. Da zarar ta ji kukan mota tana fama da hawan tudun, sai ta jingine fartanya a gonar gwazarta da ke bayan coci, ta wanke hannu a durom ɗin ruwan sama, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba Fadan coci ne ya naɗa ta ba, ba kuma sarkin gari ba. Yaran Basopi sun buɗe ido ne kawai suka gan ta a wurin.

A garin aka haife ta, tun Turawan Sifen na riƙe da tsibirin Bioko. Mahaifinta yana da 'yar gonar koko da kunyoyin doya, mahaifiyarta kuwa ta rasu ta bar ta ƙarama. Sai Sistocin mishan suka ɗauke ta, tana kwana wurinsu, tana koyon karatu da ɗinki da guga. Babu abin da take so a duniya kamar ta shiga cikin mawaƙan coci, ta sa farar riga ta tsaya a gaba ranar Lahadi. Ta nace, ta nace, har Sista Pilar, doguwar Baturiyar da ke koya wa yara waƙa, ta ce ta zo a gwada ta. Ba ta kai ƙarshen baiti na farko ba sauran yara suka fara tuntsira dariya.

Sista Pilar ta ja ta gefe ta ce, "Restituta, 'yata, Allah ya ba ki ƙarfin murya, amma daɗin ya riƙe shi a wurinsa."

"To, Sista, in yi shiru ke nan har in mutu?"

"Ki yi waƙarki a zuci, Shi yana ji. Ungo wannan."

Ta miƙa mata tsintsiya. Restituta ta karɓa, ta fita da gudu, ta wurga ta cikin ciyawa, ta yini tana kuka. Washegari da kanta ta je ta lalubo ta, don ta ga an bar ƙasan bagade da kashin jemage, abin kuwa ya tsaya mata a rai. Tun daga ranar shara ta zama tata.

Cocin nan tun daga daɓe har hasumiyar ƙararrawa katako ne. Kakanninmu ne suka sara itatuwan a kurmi, suka jawo su da igiya, Fadan farko yana zana musu yadda za a yi a kan ƙasa da sanda. Ginin katako a wurin da ruwa ke zuba kusan kullum kamar jinyar tsoho ne: yau nan ke ciwo, gobe can. In gara ba ta ci ginshiƙi ba, danshi ya ruɓar da taga. Shi ya sa kafinta ba ya rabuwa da wurin. Wata shekara aka kira wani saurayi, Balbino Buaki, ya gyara bencina. Ya zo ya baje kayansa a tsakiyar coci daidai inda Restituta ta gama sharewa.

Ya ce, "Ke yarinya, kina share mini ƙusoshi."

Ta ce, "Kai ma kana zubar mini da garin katako. In ka gaji ka tafi gida, cocin bai ce yana kewarka ba."

"Kai! Bakin nan naki ya fi zartona kaifi."

"To, aro shi ka gama aikin da wuri."

Aikin da bai fi na mako ba sai ga Balbino ya shafe damina guda yana yi. Kullum sai ya gano wani bencin da ƙafarsa ke rawa. Daga ƙarshe Sista Pilar ta ce masa, in dai ba so yake ya wargaza bencinan duka ya sake haɗawa ba, gara ya tura manyansa wurin mahaifin yarinyar. A cocin aka ɗaura musu aure. Suka haifi 'ya'ya uku, ɗaya ya koma, biyu suka rayu, Damaso da ƙanwarsa Elvira.

A wancan zamani cocin yakan cika har waje. Ban da mutanen gari, akwai leburori daga Kalaba da ke aiki a babbar gonar koko ta gangare. Ranar Lahadi sukan hawo da matansu da 'ya'yansu, su zauna a bencinan baya, in an tashi su tsaya a fili su yi tasu waƙar da yarensu. Restituta ba ta jin yaren, amma takan dogara da tsintsiyarta ta saurara har su gama.

Bayan Turawa sun tafi da 'yan shekaru, duniya ta juya wa tsibirin baya. Abinci ya yi wuya, mutum ya daina yarda da maƙwabcinsa, wanda aka kira ofis ba lalle ya dawo ba. Leburorin Kalaba suka tattara ya-nasu-ya-nasu, jiragen ruwa suka kwashe su, barikinsu ya zama kango. Da koko ya rasa masu tsinka, aka shiga kama mazan gari ana kai su gonaki masu nisa aikin dole. Da Balbino aka tafi, aka kai shi can wajen Riaba. Aka kori Fada da Sistoci. Sannan wata safiya, ana yayyafi, wani wakilin gwamnati ya iso Basopi da samari masu bindiga. Mai Tabarau ake ce masa, don ko hadari ya rufe gari baƙin gilashi ba ya barin fuskarsa. Ya tara jama'a ya ce daga yau babu coci, ginin ya zama siton koko, duk wani mutum-mutumi da hoto da ke ciki kuma a fito da shi a ƙona.

Mata suka tsaya nesa suna kallo ana jido bencina. Restituta ta matso ta ce tana so ta ɗauko bokitinta da tsintsiyarta, nata ne, ba na Fada ba. Aka ce ta yi sauri. Tana shiga ta wuce kai tsaye wajen ƙaramin bagaden gefe, inda mutum-mutumin Maryamu yake, na katako, bai fi tsawon ɗan yaye ba. Ta sunkuya ta aza shi a baya, ta ɗaure da zane kamar goyo, ta lulluɓe kan da tawul, ta ɗauki bokiti ta nufo ƙofa. Ba ta ƙara sauri ba.

Mai gadin ƙofar wani mutum ne daga garin da ke ƙasa da namu, ta san uwarsa. Ya tare ta da bakin bindiga.

"Yaya Resti, da za ki shiga ban gan ki da goyo ba. Wa kika goyo?"

Ta dube shi cikin ido ta ce, "Uwar wani ce, an kore ta daga ɗakinta."

Ya leƙa bayanta. Ga ƙafafun katako biyu nan sun leƙo ta ƙarƙashin zane. Ya waiga ya ga Mai Tabarau yana can yana faɗa da masu jido. Sai ya sauke bindigar, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ki rufe mata ƙafa, ana ruwa."

A rufin ɗakin girkinta ta ɓoye mutum-mutumin, tsakanin kwandunan busasshen kifi da irin doya. Ba ta gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanta.

Da aka fara jibga buhunan koko a cocin, aka nemi matan da za su riƙa tsince ruɓaɓɓu. Matan gari suka ƙi, suka ce ba za su taka ɗakin Allah da wannan niyya ba. Restituta ita kaɗai ta je ta ba da kanta. Aka yi ta zundenta a rafi, wata ma ta ce mata a fuska, "Ashe tsintsiyar taki ba ta san ubangida ba, duk wanda ya zo nata ne." Ta ɗebi ruwanta ta wuce, ita da ba a gaya mata ɗaya ba ta mayar da uku ba. Ita dai ta san gini in aka rufe shi aka bar wa gara, damina biyu ta ishe shi. Tana tsintar koko tana share gidajen gara, tana buɗe tagogi iska ta shiga, tana tara kwanuka a inda rufi ke yoyo.

Yoyon kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Ran nan Mai Tabarau ya zo duba sito, ta cika tafin hannunta da koko mai fumfuna ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, dubi dukiyar gwamnati."

Ya karɓa ya shinshina, ya ɓata fuska. "Wane ne ya yi wannan sakacin?"

"Ruwan sama ne, ranka ya daɗe, shi kuwa ba ya kamuwa. Kwanon rufin ne ya mutu. In aka kai wannan babban birni Malabo, ni ba wanda ya san sunana a can. Naka za a tambaya."

Mai Tabarau ya cire gilashinsa ya goge, karo na farko da wani a Basopi ya ga ƙwayar idonsa. Ya ce a nemo kafinta maza. Ta ce ai kafintoci duk an kwashe su, kuma rufin nan tsayinsa da santsinsa ba kowa ke iya hawa ba, mutum ɗaya ne ya san inda ake taka ƙafa, shi kuwa yana Riaba yana tsinkar koko.

"Wane ne shi?"

"Wani Balbino Buaki."

"Me ya haɗa ki da shi?"

"Mijina ne, ranka ya daɗe. Amma ba ni na koya masa hawa rufi ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah ne masani. Ba a yi mako biyu ba sai ga babbar mota ta hawo da sabon kwano, Balbino yana zaune a kai, ya rame ya zama kamar sanda, yana tari. Restituta ta yi ta ɗura masa farfesun kaguwa da gwaza har ƙafarsa ta yi ƙwari, sannan ta bar shi ya hau. Haka gwamnatin da ta rufe cocin Basopi ta yi masa sabon rufi da hannunta.

Da mulkin ya faɗi, aka kwashe buhuna, aka wanke daɓe, amma warin koko ya riga ya shiga katakon, har yau in rana ta yi zafi yakan taso. Ranar da sabon Fada ya zo yin sujada ta farko, Restituta ta shigo da goyonta ta sauke a kan bagaden gefe. Shekarun hayaƙin murhu sun mayar da Maryamu baƙa wuluk. Mata suka ɓarke da guɗa, har da wadda ta yi mata gorin tsintsiya. Fada ya ce zai aika Malabo a kawo fenti a mayar da ita yadda take. Tsofaffin mata suka ce a'a, a bar ta haka, ta sha hayaƙin da suka sha, yanzu ta zama 'yar gari.

Balbino bai daɗe ba bayan haka. Tarin da ya kwaso a Riaba bai taɓa sakinsa ba, shi ne ajalinsa. Restituta ta yi takaba, ta koma ga gonarta da shararta.

Sai kuma zamanin man fetur ya zo, samari suka gangara Malabo neman aiki, gari ya koma na tsofaffi da jikoki. Fada sai jefi-jefi yake hawowa daga Luba. Damaso ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, ya gina gida mai tayil, ya zo ya ɗauki uwarsa ya ce ta huta haka nan. Ba ta rufe wata ba ta ɗaure kayanta ta dawo Basopi. Ta ce gidan da babu abin sharewa a cikinsa kurkuku ne, kuma ta yi mafarkin gara tana cin coci.

A lokacin ne baƙi suka fara zuwa. Ma'aikatan mai da ke neman inda za su kashe Asabar, tsofaffin Turawa da aka haifa a tsibirin suna neman ƙuruciyarsu, 'yan Kamaru, 'yan Filifin masu durƙusawa tun daga bakin ƙofa. Mafi yawansu Rufino ne ke kawo su, wani direban tasi na Luba mai tumbi da son zance. Shi da Restituta kullum cikin faɗa suke, kuma kullum sai ya ci abincinta. Shi ke tara mata baƙin man inji a galan, tana shafa wa gindin ginshiƙai don gara.

"Mama Resti, na kawo miki baƙi, yau sai ki yi musu fara'a."

"Fara'ar tana gona, ban tono ta ba tukuna. Ce wa wancan dogon ya cire hula. Kai kuma ɗaga mini tumbinka daga jikin ƙofa, ta girmi kakanka."

Tun a hanya Rufino yakan cika baƙi da labarai: wai a jirgi aka kawo cocin sukutum daga Turai, wai ƙararrawar da zinariya aka haɗa ta. In suka tambayi Restituta, sai ta ce, "Wannan a bakin Rufino aka ƙera ta." Ita abin da ta gani kawai take faɗa, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Takan zagaya da su, ta nuna musu tagogin gilashi masu launi, ta bar su su zauna shiru in suna so. Kafin su tafi kuma dole su ɗanɗana wani abu, ko dafaffiyar gwaza da manja, ko gasasshiyar agade. Wanda ya miƙo mata wani abu takan nuna masa akwatin baiko da haɓa.

Wata ranar Talata da hantsi, Rufino ya hawo da mace ɗaya tak. Ta haura hamsin, tana sanye da atamfa da takalmin tafiya, tana riƙe da jaka a ƙirji kamar za a ƙwace. Ba ta ɗaga waya ta ɗauki hoto ba kamar sauran. Ta tsaya kawai tana kallon hasumiya.

Rufino ya ce, "Mama, wannan daga Kalaba take, sunanta Affiong, nas ce. Ba ta jin Sifaniyanci, sai ki yi mata Pichi."

Da Pichin suka yi magana, turancin bakin teku da kowa a tsibirin ke ji. Matar ta ce a barikin leburori na gangare aka haife ta. Tana da shekara bakwai aka sa su a jirgi. Kafin tafiyar da 'yan watanni ƙaninta Okon ya yi zazzaɓi ya rasu, aka binne shi a nan bayan coci. Uwarsu ta rayu har bara, kuma ba ta taɓa daina cewa ta bar ɗanta shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Sunanta Arit, gajeruwa, mai wushirya, tana sayar da ƙosai a bakin bariki.

"Mama, ko kin san ta?"

Restituta ta runtse ido, ta yi ta laluben fuskokin matan bencin baya. Suna da yawa, kuma an daɗe. Ta buɗe ido ta ce, "'Yata, ban tuna ta ba."

Fuskar matar ta faɗi. Rufino ya matso ya raɗa wa tsohuwar da yarensu na Bubi, "Haba Mama, ki ce kin san ta mana. Ki nuna mata kowane kabari, wa zai ƙaryata ki? Teku fa ta ƙetaro."

"Don ta ƙetaro teku sai in sallame ta da ƙarya? Je ka duba motarka."

Ta kama hannun baƙuwar ta zagaya da ita bayan coci. Maƙabartar Basopi a gangare take, kaburburan 'yan gari suna sama da gicciyensu na siminti da sunaye. Can ƙasa, kusa da inda kurmi ya fara, akwai wani fili da aka kewaye da jan ganye. Babu suna ko ɗaya, gicciyen itacen da aka kafa tun tuni sun ruɓe. Amma babu ciyawa ko tsinke. An share shi tas, kowane ɗan tudu an jera masa duwatsu a gefe.

"Nan ne wurin mutanenku. Manya suna ta wancan ɓangaren, yara suna nan gindin itacen nan. Wanne ne nasa, ban sani ba, ba kuwa zan ce miki na sani ba. Amma yana cikin waɗannan."

Affiong ta dubi filin, ta dubi tsohuwar. "Wa ke gyara wurin?"

"Wa kike gani?"

"Wani ne ya sa ki?"

"Da jirgi ya tafi da ku, na ga ciyawa ta fara cin su. Na ce mutanen nan sun yi mana waƙa shekara da shekaru, ba su da kowa a nan kuma. Fartanya ce dai, in na gama nawa sai in gangaro."

Matar ta durƙusa a gindin itacen, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta yi ta magana da yarensu tana kuka. Restituta ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta koma gefe ta zauna a kan dutse, tana korar sauro da bakin zane, har matar ta gama don kanta.

Da suka hawo suka shiga coci, Affiong ta wuce bencin baya na hagu ta zauna ba tare da an nuna mata ba. Rana ta ratso gilashi, shuɗin haske ya kwanta a daɓe kusa da ƙafarta. Ta ce wannan hasken ta tuna, ita da Okon sukan sa ƙafa a ciki su ga ta canja launi. Sai kuma ta yi 'yar dariya cikin hawaye.

"Akwai wata muguwar mata a nan. Ran nan ina cin gyaɗa ana tsakiyar sujada, ina zubar da ɓawo a ƙasa, sai na ji an murɗe mini kunne ta baya. Har muka isa Kalaba ina jin tsoronta."

Rufino, wanda ya dawo ya laɓe a bakin ƙofa, ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Restituta ta gyara ɗaurin kallabi.

"Kunnen dama ko na hagu?"

"Na hagu."

"To, ni ce. Babu mai murɗe kunne a cocin nan sai ni, kuma da hagu nake kamawa. Ashe ke ce mai ɓawon gyaɗa! Kin san wahalar fitar da shi daga tsakanin katako?"

Affiong ta tashi ta rungume ta, suna dariya suna kuka, har kallabin tsohuwar ya zame. Ba ta samu wanda ya tuna uwarta ba, amma ta samu hannun da ya taɓa ta tana yarinya a wurin nan, ta ce wannan ma ya ishe ta ta gaya wa 'yan'uwanta. Ranar ba gwaza da manja kawai aka ci ba. Restituta ta sa Rufino ya kama mata kaza, yana haki yana cewa shi direba ne ba mafarauci ba. Sai da rana ta karkata suka gangara. Tun daga lokacin, duk Kirsimeti Affiong takan kira wayar Rufino, shi kuma ya hawo tudu ya kanga wa tsohuwar a kunne, su yi ta ihu wa juna, don Restituta ba ta yarda murya za ta ƙetare teku ba tare da an ɗaga ta ba.

Yanzu ta haura tamanin. Wata damina santsi ya kwashe ta a kan matakalar coci, ƙugunta ya goce, tun daga nan tsintsiya ta fi ƙarfinta. 'Yarta Elvira, wadda ta dawo gari bayan mijinta ya rasu, ita ke shara da noman maƙabarta, uwar tana zaune a kujera a bakin ƙofa tana nuna mata inda ta tsallake. Elvira kanta ta yi jika, amma kullum sai an ce mata ba ta iya riƙon tsintsiya ba.

Zaman kujerar ne ya jawo mata sabuwar sana'a. Baƙi in sun gama zagayawa sukan miƙa mata waya su ce ta ɗauke su hoto a gaban coci. Da fari takan ƙi, ta ce ita ba ta taɓa abin da ba ta san inda ake kashe shi ba. Rufino ya koya mata inda ake dannawa, ta kuwa kama abin da gaske. Sai dai duk hoton da ta ɗauka, cocin yakan fito cif, tun daga matakala har gicciyen da ke kan hasumiya, mutanen kuwa sai ƙoƙon kansu a can ƙasa, wani lokaci ma hula kawai.

Kwanan baya wasu ma'aurata 'yan Malabo suka duba nasu, matar ta ce, "Mama, ai ba mu fito ba."

Restituta ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta duba da kyau. Ta mayar mata ta ce, "Ya yi kyau haka. Coci kuka zo gani. Fuskokinku kuwa da su za ku koma gida."